Ki Taho da Farantin Tomé

Zuwa ga Gracinda, inuwar kurangar inabina, ruwan sanyin da ke gangarowa daga dutsen garinmu, macen da ba a yi mai taurin kanta ba tun daga kogin Lima har bakin teku,

Daga Newark ta Amurka nake gaishe ki da zuciya biyu, ɗaya tana rawa, ɗaya tana tafasa. Mai rawar ta jikarmu ce. Kin ga hoton da ’yarmu Idalina ta aiko miki, amma hoto ba ya ƙamshin nono, ba ya damƙe yatsan tsoho ya ƙi saki. Takwararki ce har a hali. In ta ɗaure fuska sai in ji na gyara zama, don na san wannan fuskar tun ina da gashi a ka. Mai tafasar kuwa taki ce ke kaɗai, kuma yau sai kin ji ta.

Kin ce ƙugunki ne ya hana ki biyo ni. Na yarda. Ina wurin a tafiyarmu ta ƙarshe a jirgin sama, gwiwoyinki manne da kujerar da ke gabanki tun daga wannan gaɓar teku har waccan, aka sauke ki a Porto cikin keken marasa lafiya kina cizon leɓe. Kika rantse ba ki sake hawa jirgi sai in a kwance za ki tafi. To, na ɗauki rantsuwarki na yi ta yawo da ita kamar mai talla.

Na je shagon Amândio mai sayar da tikiti, na ce kujerar gaba nake so, ta manyan ’yan kasuwa, wadda ake miƙar da ita ta zama gado. Ya cire tabarau ya ce, “Albano, kai da ka tsufa kana kwaɓa siminti, yanzu a sama kake neman ɗakin kwana? Farashin nan sai ka haɗa da gonar surukinka.” Na ce, “Kai dai duba, ba kai za ka biya ba.” Kullum ina can kamar kujerar shagon. Farashin ya yi ta tsalle kamar akuya a kan dutse. Tikiti mafi araha kuwa sai an bi ta Madrid, an canza jirgi, an yi gudu a filin jirgi, ke da ba ki iya hawa matakalar coci sai da sanda. Na ƙi. Ran nan sai ya kira ni da kansa ya ce, “Zo, tsoho. Rana ɗaya ce a shekara masu waɗannan kujeru suke tuna suna da gida. Jajibirin Kirsimeti gaban jirgi fayau yake, farashi ya zube ƙasa.” Na biya nan take. Ba a canza rana, ba a mayar da kuɗi. Na fito titi ina dariya ni kaɗai, har mai gasa kaza ya tambaye ni ko na ci caca.

Me kika ce mini a waya, ya furen lemona? “Ranar jajibiri? Wa zai shimfiɗa wa matattu tebur?” Kuma na ji muryar yayarki Benvinda a bayanki, wannan hankakar da ba ta taɓa wuce kasuwar Ponte de Lima ba, tana cewa, “Gaya masa mu ba ’yan Amurka ba ne, ba ma barin namu da yunwa.” Ki gaya mata na ji. Ki gaya mata in ta mutu ni da hannuna zan ajiye mata faranti, da murna.

Ina raina teburin ne? Ni da nake hura miki wutar murhu duk shekara, mu ci kifin gishiri da kabeji da dankali, mu tashi mu bar komai yadda yake don waɗanda suka riga mu su shigo su ci? Ni da nake kau da kai in kin ɗauko shuɗin farantin nan mai ɓantararren baki kin ajiye wa ɗanmu Tomé? Amma ki bar ni in faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa miki. Ba ƙugu ba ne, ba tebur ba ne. Garin nan kike gudu, don a nan Tomé ya faɗo daga ginin da yake aiki, ya rasu. To, a nan kuma aka haife shi, Gracinda. A nan ya yi rarrafe, a nan ya saci soyayyen dankali daga kaskonki. Ƙauyenmu bai san shi ba sai a hutun bazara, yana mitar ƙudaje. In har yana dawowa a wannan daren, wace ƙofa ya sani? Kina can kina jiransa a gidan da bai taɓa kira gida ba!

Kin tuna lokacin da nake zuwa makarantar yamma da ƙurar siminti a gira? Kina jira na a bakin ƙofa, ƙanƙara na zuba, Tomé na cikin mayafinki. Na fito da takarda, sunanki a kai, abu na farko da hannuna ya taɓa rubutawa. Kika duba kika ce, “Ya karkace kamar shingen Benvinda, amma na karɓa.” Waccan macen ta haye teku ba ta san kowa ba, ba ta jin ko kalma ɗaya ta mutanen nan. Ina kika kai mini ita? Wa ya ba ki izinin musanya mini ita da tsohuwar da ke fakewa a bayan yayarta?

Jirgin zai bar Porto da rana, ya bi rana a baya, ya sauke ki kafin a tsame kifi daga tukunya. Za ki kwanta ki miƙe ƙafa, a rufa miki bargo kamar matar gwamna. Ki naɗe farantin Tomé a baƙin mayafinki, kada ki sa shi cikin kaya, ki riƙe shi a ƙirji har ki iso. Ina bakin ƙofar fitowa da jaririya a hannu, ko da uwarta za ta yi mini faɗan sanyi.

In kuma kin ƙi, zan shimfiɗa teburin a nan. Zan ajiye faranti biyu babu kowa a gabansu, ɗaya nasa, ɗaya naki. Sai ki shirya abin da za ki gaya wa takwararki in ta girma ta tambayi dalilin da aka jera kakarta da matattu alhali tana numfashi.

Naki ne ni, cikin fushi da cikin daɗi, tun daga karkataccen sunan nan har ranar da za ki ajiye mini nawa farantin,

Albano