Gayya a Gonar Baba Mu'azu

Kekun Waje,
Yuni, 1997

Zuwa ga Baban Ladidi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Ladidi da duk mutanen Tsafe. Yaya ɗinki, yaya kaɗaici? Na san tun da na taho tuwon kasuwa kake ci, Allah ya ba ka haƙuri.

Na iske Baba a kwance, kurkunu ya fito masa a ƙafar dama, ko bayan gida sai an riƙe shi. Amma ba ƙafar ce ta fi tayar mini da hankali ba. Lukuman na tarar a gida, riƙe da hauya. Ƙanen nawa da ya kamata yana Gusau yana shirin jarrabawar fita sakandare, ya tattaro littattafansa ya dawo, wai shuka ta fito, ciyawa ta taso, ba mai yin noman farko sai shi. Jarrabawar shiga jami'a ya riga ya rubuta, amma in bai zauna wannan ba, waccan ta tashi a banza. Ga shi an kusa farawa.

Ka san Malam Tajuddeen, malamin nan da ke tara 'ya'yan talakawa Asabar da Lahadi yana yi musu darasi kyauta, waɗanda a gidajensu ba wanda ya taɓa wuce sakandare. Shi ya nuna wa Lukuman yadda ake neman jami'a tun daga tushe. Jiya ya zo har nan a kan babur, ya durƙusa ya roƙi Baba ya saki yaron. Baba ya ce shi bai ɗaure kowa ba, amma gero ba ya jiran jarrabawa. Na ce to a kira gayya mana. Ka ga irin kallon da ya yi mini! Mutumin da ba gayyar da ba ya zuwa a garin nan, amma ya kira tasa, a wurinsa roƙo ne. Girman kan gidanmu ai ka san shi, kai ma kana fama da rabonka.

Ina jin tsoro ƙwarai. Ka taya mu da addu'a. Dogo direba zai kawo maka wannan, ka ba shi amsa.

Taka,
Hanatu

Kekun Waje,
Yuni, 1997

Zuwa ga Baban Ladidi,

Ina gaishe ka da kyau, na kuma ga saƙonka, Allah ya saka. Yaya tarin Ladidi? Ƙafar Baba da sauƙi. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa, don ka yi dariyarka a zaune.

Ni da Malam Tajuddeen muka ƙulla cewa zai kwaso ɗalibansa ranar Asabar su nome gonar Baba ba da saninsa ba. Aikin gama ai ya gama. Da safe na aiki Lukuman Bungudu sayen magani don kada ya hana. Na tare su a bakin hanya, cike da motar haya, na ce su wuce bishiyar kuka, ciyawa da kanta za ta nuna musu gonar. Ban bi su ba, kada Baba ya nemi inda na shiga.

Ashe bayan kukar gonaki biyu ne a jere, tamu da ta maƙwabcinmu Baba Mu'azu. Tamu Lukuman ya ɗan taɓa bakinta. Ta Baba Mu'azu kuwa, da yake gonakinsa da yawa, wannan yake bari ƙarshe, ciyawa har gwiwa. Malam ya duba, ya yi lissafinsa na malamai, ya ce gonar marar lafiya ita ce wadda ta fi ciyawa. Suka duƙufa tun hantsi har la'asar, suka nome wa mai lafiya gonarsa tas, suka koma Gusau da kanta a hannu suna murna.

Da Lukuman ya dawo ya leƙa gonar, ya zo ya gaya mini, na rasa kuka zan yi ko dariya. Na yi duka biyun.

Washegari sai ga Baba Mu'azu da sallama, fuska a murtuke. Ya zauna gaban Baba ya ce shi tun da yake bai taɓa cin gumin wani ya kwana da shi ba. An yi masa gayya da sunan gidan nan, dole ya rama, kuma ba shawara ya zo nema ba. Baba ya so ya yi gardama, amma ramuwar gayya ba sadaka ba ce, shi ma ya sani. Sai ya juyo ya harare ni, na sunkuyar da kai kamar ban san komai ba.

Ranar Talata Baba Mu'azu ya fito da 'ya'yansa da surukansa, har da mai ganga. Da mutane suka ji kiɗa a gonar Baba, duk wanda Baba ya taɓa yi wa noma ya saɓo hauya ya taho. Ni da Inna muka wuni dama fura. Kafin azahar an gama, kuma sun ce maimai ma nasu ne.

Da yamma Baba ya sa aka miƙo masa hauyar Lukuman, ya tura ta ƙarƙashin gadonsa. Ya ce masa ba karatun yake ƙi ba, yunwa yake tsoro, yanzu kuwa ya kama hanyar Gusau tun da sauran rana. Na raka shi har ya shiga mota.

Taka,
Hanatu

Kekun Waje,
Yuli, 1997

Zuwa ga Baban Ladidi,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da 'yata. Ina fatan ba ku manta kamannina ba.

Alhamdu lillahi, Lukuman ya zauna jarrabawarsa daga farko har ƙarshe, ko ɗaya bai rasa ba. Malam Tajuddeen ne ya maido shi gida a bayan babur. Baba Mu'azu ya tare shi a hanya ya ce akwai wata gonar tasa ta bakin rafi, in ɗalibai sun samu sarari. Malam bai san inda zai sa kansa ba don kunya.

Baba ya fara takawa da sanda. Duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa ɗansa ɗan jami'a ne, Inna tana ta yi masa ishara ya yi shiru, sakamako bai fito ba, kuma baki abin tsoro ne. Ko a jikinsa.

Sakamako na hannun Allah. Ni dai abin da na roƙa shi ne yaron nan ya samu ya zauna, kuma ya zauna. Da ya shigo yana gaya mana yadda ya ajiye alƙalami a takardar ƙarshe, sai na tashi na shiga ɗakin Inna na yi kuka mai isata. Ni da na tsaya a aji shida, wallahi ji na yi kamar da hannuna aka ajiye shi.

Ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya so. Ka gaishe da Ladidi, ka ce ina kawo mata gyaɗa.

Matarka,
Hanatu