Randar Ƙofar Gidanmu

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya jikin Inna? Ina Anti Rabi da yara? Mu nan Dubai alhamdu lillahi, sai zafi.

Ranar Alhamis muna cin abinci a unguwar Al Rigga, Maryam, ƙawata ta ofis, ta ga tikitin jirgi zuwa birnin Sarajevo da araha, ta ce, "Yalla, mu tafi, zafin nan ya ishe ni!" Washegari mu uku muka tashi, ni da ita da wata ƙawarmu.

Yaya, garin nan ya burge ni! Duwatsu kore shar, ga Turawa jajir suna sauri zuwa masallaci. Amma abin da ya tsaya mini a rai famfo ne a tsakiyar tsohuwar kasuwarsu, an yi masa rumfar katako mai ado. Kowa sha yake kyauta. Na tambayi wata tsohuwa mai sayar da gahawa, ta ce wani bawan Allah ne ya gina shi domin matafiya, tun kakannin kakanninta. Na sha da tafin hannuna, sai ga hawaye. Marigayi Baba na tuna, yana cika randarsa ta ƙofar gida kowace safiya domin masu wucewa.

Na ji kana son ɗauke ta saboda shagon da za ka gina. Don Allah a matsar da shagon, a bar randar. Ladan Baba ne yake gudana a cikinta.

A gaida Inna, ta sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza