Zagi a Sadakar Arba'in ɗin Kawu

Yaya Salifu,

Assalamu alaikum. Yaya Abidjan, yaya Hajiya da yara? Ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan Zongo lafiya, amma raina a ɓace yake.

Ranar Juma'a muka je Djougou sadakar arba'in ɗin Kawu Musa. Abokan cinikinsa na shanu sun zo daga Togo da Nijar. Sai ga depiten nan namu, ɗan majalisa. Aka ba shi makirfo don ya yi ta'aziyya, sai ya hango Baba Idi da hular 'yan adawa, ya kira shi tsohon banza, maci amana. A gaban liman! Har ya ce kada a ba ɓangarensu goron sadaka.

Wani ya ɗauka a waya. Jiya a kasuwar shanu wani Alhaji daga Dosso ya nuna mini, ya ce, "Haka manyan ƙasarku ke yi a zaman makoki?" Kunya ta kama ni.

Ka kira Baba Idi, ya daina fita. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In bidiyon ya iso gare ka, duba da kyau: ni na miƙa masa makirfon.

Ƙanenka,
Bashiru