Hannun da Ke Cikin Kunkuru

Litinin, 7 ga Yuli

An ba yara dogon hutu, mu kuma mun koma bakin aiki. Shirin 'yan tsana na safe a talabijin, kamar kowace shekara: ƙirga, baƙaƙe, wanke hannu kafin cin abinci. Ni ce Bushiya. Yaya ne Kunkuru tun ranar da aka fara shirin.

Yau na durƙusa bayan allo, na zura hannu cikin Bushiya na ɗaga sama, na waiga dama. Babu kowa. Matashin da Yaya yake durƙusawa a kai yana nan, har da lotsawar gwiwarsa. Ko wata uku ba a yi da rasuwarsa ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Darakta ya kira ni ofis. "Ba a yin hutu babu Kunkuru, yara za su tambaya." Sun samo wani tsohon malamin firamare, mai sanƙo. Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 10 ga Yuli

Malamin ya zura hannunsa cikin Kunkuru. Yaya ne ya ɗinke cikin Kunkurun nan da hannun tsohuwar rigarsa. Na fita, wai zan sha ruwa.

Asabar, 12 ga Yuli

Na je wajen matar Yaya. Tashar na maimaita shirye-shiryen bara kafin sababbi su kammala. Mitsitsiya, 'yarsa mai shekara huɗu, ta kusa manna hanci a jikin talabijin.

"Gwaggo, yi shiru. Baba yana aiki."

An gaya mata rasuwar tun ranar, amma ga muryarsa tana ji kowace safiya, wa za ta yarda da shi? Uwarta ta dube ni, na dubi ƙasa.

Talata, 15 ga Yuli

Malam bai iya ba. Bakin Kunkuru na buɗewa bayan magana ta wuce, wuya a langaɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Da aka tsaya hutawa ya ce, "Ƙanwata, na san ba wurina ba ne." Na ce, "Sunkuya, sanƙonka na haska kyamara." Ya sunkuya.

Abin ya tsaya mini a rai har gida. Shi ya kashe Yaya ne?

Juma'a, 25 ga Yuli

Na roƙi darakta a ci gaba da sa shirye-shiryen bara. Ya ce sun ƙare, Litinin sabo zai fita. Na so in gaya masa dalili, bakina ya ƙi.

Litinin, 28 ga Yuli

Na je gidan Yaya da sassafe don a kalla da ni. Kunkuru ya leƙo ya ce, "Ina kwana, yara!"

Mitsitsiya ta karkata kai. "Mura yake yi?" Ta ƙara saurara, har aka kai ƙirga uku. Sai ta tashi ta zagaya bayan talabijin ta leƙa. Ta dawo ta tsaya a gabana.

"Ba Baba ba ne. Gwaggo, ya tashi daga aiki? To me ya sa bai zo gida ba?"

Uwarta ta ɗora ta a cinya, ta sake gaya mata, a hankali, ba ɓoye-ɓoye. Wannan karon ta ji. A talabijin kuwa ga muryata, Bushiya tana tafi tana waƙar sabulu.

Laraba, 30 ga Yuli

Ban je aiki ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Matar Yaya ta kira. Yarinyar ta daina kallo kwana biyu, jiya kuma ta koma da kanta, daga nesa, riƙe da zanen uwarta. Wai ta bi sabon Kunkuru suna ƙirga har goma.

Yau ana cikin ɗauka hannun Malam ya gaji, Kunkuru ya fara nitsewa bayan allo. Ban san lokacin da na tallafe masa gwiwar hannu da haguna ba. Bushiya ta ce, "Kunkuru, barci kake?" Ya ce, "A'a, bakwai ce ta faɗi ƙasa, ita nake nema." Dariya ta kuɓuce mini, sai da aka sake ɗauka. Daga baya na yi kukana a banɗaki.

Ba wai ya iya ba ne. Ba kuma wai na saba ba. Gobe dai zan zo da wuri, in nuna masa yadda Kunkuru ke shigar da kai in ya ji kunya.