Tabarmar da Na Warware a Abijan

Zuwa ga Cima, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan farko da ke sauka bisa duwatsun Adar har ƙasa ta yi ƙamshi.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan rabona da Sabon Gida. Na gaji, Cima, ba zan ɓoye miki ba. Abin haushin ma, albasar garinmu nake saukewa daga kamyo, babbar motar kaya, a kasuwar Abijan: ita ta zo a kwance, ni ina ɗaukar ta a ka. Amma yau da murmushi nake miki wagga takarda.

Na ji abin da Mutari, abokin ɗakina, ya kai gida: wai na faɗi tsakiyar kasuwa, wai ƙwaya nake sha. Na ji kuma tun ranar Inna ta hana ki amsa kirana, ta ce ba ta ba mashayi ɗiyarta. Ban ga laifinta ba. Mutari ma rabin zancensa gaskiya ne. Na faɗi, kuma shi ya goye ni har gun likita, Allah ya saka masa. Sauran rabin kuwa aikin bakinsa ne, wanda ko ranar Juma'a ba ya hutu.

Gabana ne ke faɗuwa haka kawai, da rana tsaka. Ƙirjina ya riƙa bugawa kamar ana sussukar gero a ciki, numfashi ya maƙale a wuya, hannu ya yi sanyi, in ce yau kwanana ya ƙare. Likita ya auna ni sama da ƙasa, ya ce zuciyata lafiya lau, tsoro da tunani ne suka yi mini yawa, in abin ya ƙaru in koma ya gani. Masu tallar ƙwaya a bakin tasha sun miƙo mini tasu. Wallahi ko guda ba ta wuce haƙorana ba.

Ashe maganin yana hannunki, ya kurciyar fadama, ke ba ki sani ba! Kin tuna ranar da na zo sallama, na iske ki bakin zaure kina saƙar tabarma? Da na ce gobe zan tafi, yatsunki suka kama rawa. Ba ki yi kuka ba. Kika ja numfashi a hankali, kika ci gaba da soka kaba ɗaya bayan ɗaya har rawar ta tsaya, sannan kika ce da ni in hannunki na ƙirga kaba, zuciyarki ba ta samun sararin gudu. Wace mace ce za ta ba mutum tabarma, ta haɗa masa da hankalinta a ciki, in ba ke ba?

To ga laifina. Babu kaba a nan, sai na warware bakin tabarmar da kika ba ni. Duk sa'ad da abin ya taso, sai in aje buhu, in wanke fuska da ruwan sanyi, in zauna gefen kamyo in warware taƙi guda in sake saƙawa. Kaba huɗu ina jan numfashi, kaba shida ina sakin sa. Kafin in kai ƙarshe hadarin ya wuce. Shayin da nake sha kofi bakwai na mai da shi ɗaya, bayan la'asar kuma ina takawa bakin ruwa ina tasbihi.

'Yan dako sun sa mini suna Hajiya Mai Tabarma. Wanda ya fi kowa dariya, wani ƙato daga Tabotaki da ake kira Jima, shi ne ya ja ni bayan buhuna satin da ya wuce, yana waige-waige, wai in koya masa, shi ma ƙirjinsa na yi masa haka. Tabarmar kuwa, ki yi haƙuri, ta karkace kamar hanyar Keita bayan damina, ja ya shiga gidan kore, kore ya rasa wurin zama. In kin gan ta sai kin riƙe ciki don dariya. Ni dariyar nan nake marmari fiye da furar gida.

Ki karanta wa Inna wagga takarda, kada ki tsallake ko layi guda, har wurin faɗuwar. Gara ta san ni yadda nake. Kabar tabarmar ta fara karyewa saboda yawan warwara. Direban da ya kawo miki takardar nan zai juyo da lodi bayan sati biyu. In Inna ta yarda, ke ma kina nan kan maganarmu, ki ba shi ƙullin kaba ya kawo mini. In ya zo hannu wofi ba zan zarge ki ba, amma ya zan yi da idona da zai riƙa leƙen kowane kamyo?

Abin da na tara ba shi da yawa: atamfa turmi uku, bargo guda na Inna, takalmi ƙafa biyu, da kwana sittin da ɗaya ban faɗi ba.

Naki ne ni yau, naki in furfura ta rufe kai,
Mahamud