Mun Wuce Tasharmu

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ƙarfin jiki? Ni da maigidan da jikarka duk muna lafiya.

Baba, biza ta fito, kai kaɗai muke jira. Na ɗauki hutu a asibiti, na kuma tsara mana yawo a jirgin ƙasa, ba mai wahala ba: mu fita da hantsi, mu dawo mu kwana a gida. Akwai wani gari a bakin tabki, kana sauka a tasha za ka hango ruwa. Na zaɓi tashoshin da ba a hawa matattakala saboda keken yarinya, da kuma gwiwarka, ko da yake na san za ka ce lafiyarta ƙalau.

A gaida Yaya da yaranta.

Taka,
Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, Allah ya yi miki albarka.

Gwiwata lafiyarta ƙalau. Amma ina ganin a haƙura da tafiyar nan. Tun rasuwar mahaifiyarki ban wuce bakin layinmu ba. Duk tafiyar da na taɓa yi, ita ke riƙe tikiti, ita ta san aljihun da magani yake. In na zo, yara biyu za ki yi ta fama da su a tasha, ɗaya da furfura.

Sannan ita amaryar tawa ba ta ƙaunata. Duk sanda kika nuna mata ni a waya sai ta tsandara ihu kamar ta ga dodo. Ina zan kai kaina wurin matar da ta ƙi ni?

Wassalam,
Mahaifinki

Baba,

Barka da war haka. Ai dole ta yi ihu, kai da kake manna wayar a hancinka! Ba ta taɓa ganin fuskarka gaba ɗaya ba.

Ba don ita kaɗai nake roƙonka ba. Tun da aka yi rashin Mama ban zauna da wani nawa ba. Zan riƙe tikitin, zan riƙe maganin. Don Allah ka zo.

Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da godiyar ɗawainiyar da kika sha kafin ki ɗora Baba a jirgi. Ga labarin da kike ta tambaya.

Farkon zuwansa abin bai yi daɗi ba. Yana shigowa falo sai yarinyar ta ɓuya a bayan labule. Shi kuma ya zauna a kujerar bakin taga da hularsa a gwiwa, kamar baƙon da ya zo biko. Har na fara cewa ko na yi kuskure.

Ranar zuwa tabki, muna shiga tarago ta yi amai a rigata. Na rasa yadda zan yi, na dire masa ita a cinya, na ruga banɗaki. Ina jiyo kukanta ta cikin ƙofa. Can sai na ji shiru. Na fito da gudu, sai na tarar ya ɗaga ta jikin taga yana nuna mata shanu a gona, yana rera mata waƙar nan da Mama ke yi mana in muna zazzaɓi. Yaya, ashe ya iya ta tun daga farko har ƙarshe. Ta damƙe gemunsa da hannu ɗaya, a haka barci ya kwashe ta.

Da aka sanar da tasharmu na miƙe na buɗe keke. Ya harare ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Zauna. Wa zai tashe ta?"

Na ce, "Baba, tabkin fa?"

Ya ce, "Ruwa ne, na taɓa gani."

Haka muka wuce, har inda layin dogo ya ƙare. Wani ɗan ƙauye ne, ba komai sai benci da shagon burodi. A nan muka yini, tana cusa masa burodi a baki, yana cewa an fara kula da miji. Ya yi dariya har da hawaye. Ni kuwa na juya baya na yi nawa kukan.

Yanzu kullum da safe ita ke jawo masa takalmi.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga 'yata babba,

Assalamu alaikum, ina fatan kuna lafiya.

Kada ki je tarbata ranar da muka yi, na ɗage dawowa. Ki ci gaba da ba shukokin mahaifiyarki ruwa. Ina da sauran magana, amma an ƙwace mini alƙalami sau biyu, yanzu kuma ana jan hannun rigata.

Wassalam,
Mahaifinki