Iƙamar Baba Ta Ce Direba Ne

Nuzla, Jidda.

Zuwa ga Kawu Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi. Ya jikin Inna Hauwa, ya yara, ya zafin garin Madani? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Hukuma ta buɗe horo ga masu kiwon kifi da jatan lande a teku, ta ce kowace gonar kifi, irin wadda Baba yake wa aiki, ta tura ma'aikatanta, domin nan gaba mai shahada, wato takardar shaidar horon, shi kaɗai zai riƙa kula da kejin kifi. Baba ya yi murna har ya sa na goge masa farar riga. Da ya je, jami'in rajista ya duba iƙamarsa, wato katin izinin zama, ya ce, "Ya ammi, dattijo, nan direba aka rubuta." Haka ya dawo gida.

Kawu, Baba bai taɓa riƙe sitiyari ba! Kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, shi ne ya rubuta haka tun farko don ya fi masa sauƙi. Mutumin da ruwa kawai yake kallo ya gane kifi ba su da lafiya, yanzu wankin kwanduna aka ba shi. Ya roƙi kafilin ya gyara, shi kuwa ya ce masa, "Gobe, halas," wai an gama magana. Goben nan ta kai mako uku.

Ka san ni da kunyar mutane. Amma ranar Alhamis za a rufe rajista, don haka na rubuta koke da Larabci. Lahadi bayan makaranta zan bi Baba wurin kafilin, in karanta masa da bakina.

Ka gaishe da kowa, kuma ka roƙa mini Allah kada muryata ta yi rawa.

'Yarka,
Sa'adatu